Kuɗin mota da darajar Yankari

Aikin da malaminmu na tattalin arziki ya ba mu shi ne mu ƙiyasta darajar Yankari a wurin masu zuwa yawon buɗe ido. Dabarar tsohuwa ce, masanin tattalin arziki Harold Hotelling ne ya ba hukumar gandun dajin Amurka shawararta a 1947. Daji ba shi da farashi a kasuwa, amma abin da mutum ya kashe kafin ya iso, kuɗin mota, mai, masauki da ranar aikin da ya bari, yana nuna matsayin wurin a ransa.

A bakin ruwan Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke cikin dajin, muka tsaya da takardun tambayoyi. Ruwan nan ɗuminsa wajen digiri 31 ne rani da damina, kuma wanda ya fito jiƙe ba ya son lissafi. Na tambayi wani dattijo daga Gombe nawa zai iya biya in an ƙara kuɗin shiga. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, gwamnati ce ta turo ka?" Sannan ya faɗi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Samari kuwa, in da 'yan mata a kusa, sai su zuga adadi.

Na maimaita aikin bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lokacin da litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500. 'Yan nesa sun ragu a takarduna, waɗanda suka zo kuma kowa ya kashe ninki. Giwaye na nan, ruwa bai canza ba, amma lissafi ya fitar da wata daraja dabam, ko bayan na cire hauhawar farashi. Aljihun mutane na auna, ba dajin kaɗai ba.

Ba mu muka fara cin karo da wannan ba. Bayan malalar man jirgin Exxon Valdez a 1989, kwamitin masana tattalin arziki su Kenneth Arrow da Robert Solow, da ya duba yadda ake ƙiyasta asarar muhalli ta hanyar tambayar mutane nawa za su iya biya, ya ba da shawara a 1993 cewa a riƙa yin tambayoyin a lokuta daban-daban.

Yanzu ina rubuta yawan litar mai tare da kuɗinta, ina komawa a watan da na je a baya, kuma ina fara tambayar baƙo ko don Yankari ya fito. Da yawa biki ne ya kawo su Bauchi, suka leƙo da yamma.