Idan Aka Kawo Kare Gidan Tsohuwar Kyanwa

Assalamu alaikum 'yan'uwana na gida,

Ina gaishe ku da fatan kuna lafiya. Daga nan nesa nake rubuto muku kan wata magana da ake yawan rainawa, wato halin da tsohuwar kyanwa take shiga idan aka kawo sabon kare gida. Na ga haka a gidaje da dama a nan inda nake, kuma kusan kullum hankalin mutanen gida yana kan baƙon, domin shi ne mai tsalle da haushi. Ita kuwa sai ta lafe ƙarƙashin gado, a ce ai tunda ba ta yi faɗa ba, ta saba. Kyanwa dabba ce mai ɓoye ciwo da tsoro, shirunta ba ya nufin ta yarda.

Kyanwar da ta haura shekara 10 ko 11 ta shiga tsufa. Da yawansu gaɓoɓinsu sun fara ciwo ko da ba sa ɗingishi. Ku lura da ita a gaban teburin da ta saba hawa: za ta tsaya tana auna tsallen, ta ɗan sunkuya, wani lokaci ta fasa ta juya. Ji da gani ma sun ragu, kare yana iya isowa bayanta ba ta sani ba. Ga ciwon ƙoda da ya yawaita a tsofaffin kyanwowi, wanda ke sa su yawan shan ruwa da fitsari. To idan kare ya kwanta kan hanyarta ta zuwa kwanon ruwa, ko bai taɓa ta ba ya cuce ta. Shi ya sa nake ganin ya kamata likitan dabbobi ya duba ta tun kafin karen ya iso.

A ware mata ɗakin da ta fi so, a sa abincinta, ruwanta, shimfiɗarta da akwatin yashin da take bayan gida, kuma kada kare ya taka ɗakin ko sau ɗaya. Akwatin ya zama mai gajeren baki don shiga ta yi mata sauƙi, a nesanta shi da kwanon abinci. Karnuka suna son abincin kyanwa, suna ma cin kashinta, kuma kyanwar da aka taɓa razanawa tana tsugune ba lallai ta sake komawa wurin ba. Inda take hawa ta huta, a jera mata kujera ko akwati ta riƙa takawa.

Haɗuwar farko ta hanci ce. A ɗauki tsumma mai laushi a goga a kumatun kyanwar, inda ƙamshin jikinta yake fitowa, a kai wa karen ya sansana. A goga wani a jikinsa a ajiye a ɗakinta, nesa da abincinta, a bar ta ta je da kanta. Bayan 'yan kwanaki sai a riƙa ba su abinci lokaci guda, ƙofa a rufe tsakaninsu, kowa da ɗan nisa, ana matso da kwanonin a hankali. Ranar da kuka ga tana cin abincinta cikin natsuwa alhali tana jin numfashinsa ta ƙasan ƙofa, an yi nisa.

Daga nan ne za su ga juna, ta bayan shinge ko ƙofar da aka ɗan buɗe. Karen ya kasance a ɗaure da igiya, kuma an riga an fita da shi ya yi gudu ya gaji. Minti kaɗan ya isa. Duk lokacin da ya kalle ta ya juyo gare ku, a yaba masa a ba shi ɗan abin ci. Ina roƙonku kada a rungume ta a kai ta gabansa. Wanda ya riƙe ta zai sha yakushi, ita kuma za ta ji hannun da ta amince da shi ne ya hana ta gudu.

Wutsiya tana yaudarar mutane a nan. Kare yana kaɗa tasa idan ya zaƙu, kyanwa kuwa idan tana bugun ƙasa da tata ranta a ɓace yake. Idan ta yi huci ta kwantar da kunnuwa, kada a tsawata mata, nisa take nema. Abin tsoro yana wajen kare: jiki ya sandare, ido ya kafe a kanta, ku kira sunansa ya ƙi waiwayowa. Wannan kallon farauta ne. A raba su nan take, a koma matakin rufe ƙofa. Kwikwiyo ma ba shi da sauƙi ga tsohuwa, wasansa ba ya ƙarewa, ita kuma yawancin yininta barci ne.

Akwai alamu biyu da ba a jira da su. Kyanwar da ta ƙi cin abinci kwana biyu tana cikin haɗarin ciwon hanta, musamman mai ƙiba. Muzurun da yake yawan tsugunawa yana yunƙuri fitsari bai fito ba, mai yiwuwa hanyar fitsarinsa ce ta toshe, kuma hakan yana kisa cikin ɗan lokaci. Damuwa tana iya jawo duka biyun, a garzaya wurin likita a ranar. Yawan lasar jiki har gashi ya zube, ko fitsari a kan shimfiɗa, su ma saƙo ne, ba rashin ladabi ba.

Wasu sukan daidaita cikin makonni, wasu sai watanni, kuma ba dole su zama abokai ba. Idan ta dawo tana ratsa falo ba tare da sanɗa ba, tana barci inda ta saba, buƙata ta biya. Har zuwa lokacin, duk sanda za ku fita ko za ku kwanta, a rufe ƙofa tsakaninsu. In kuwa watanni sun shuɗe karen bai daina farautarta ba, a raba musu gidan, kowa da ɓangarensa na dindindin, ko a nema masa wani gida nagari.

Ku huta lafiya,
ɗan'uwanku a ƙasar waje.