Na kai takardun tambayoyi Daura, an rikita min akwatin ƙabila

Ranar Asabar na shiga mota daga Katsina zuwa Daura da takardun furojet ɗina na nazarin zamantakewa, tafiyar kamar kilomita 80 ce ta hanyar Mashi, kuma wlh tun kafin mu isa aikin ya fara watsewa.

Dattijon da ke gefena na fara gwadawa da shi, na ce Baba mene ne ƙabilarka? Ya ce Musulmi. Na ce a'a Baba, addini yana layin ƙasa, ya kalle ni ya ce to ɗana rubuta Bafillace, amma Fillanci ko "zo" ban sani ba, kakana ne mai shanu. Direba ya kwashe da dariya wai shi ma uwarsa Buzuwa ce, a tasha Bature ake kiransa don yana da haske. Fom ɗin kuwa daga wani na Amurka na kwaikwayo shi, can baƙi da fari suke fara tambaya, nan kuma ina zan saka wannan direban?

A Daura na fara da rijiyar Kusugu, mai gadin wurin ya maimaita labarin Bayajidda da ya zo daga Bagadaza ya kashe macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya auri Daurama. Wato ko asalin Hausa bakwai ɗin da baƙo a ciki. Sarautar garin ma ta Haɓe ce, wato sarakunan Hausawa na asali, jihadin da aka fara a 1804 ya kore su zuwa su Zango da Baure, Turawa suka dawo da su, ita kanta kalmar Haɓe Fulani ne suka sa musu. M.G. Smith, wani mai bincike mutumin Jamaika, ya yi littafi guda kan wannan a 1978.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne wani malamin firamare ɗan Malumfashi, Kirista ne, iyayensa Maguzawa. Ya ce kullum sai an ce masa kai kana jin Hausa sosai, alhali ba shi da wani yaren. A nan na daina ganin laifin waɗanda suka cire ƙabila da addini daga ƙidayar 2006, ko da yake mu masu bincike abin ya cuce mu.

Takardu 40 na tafi da su, 13 kawai na cike, sauran na ninke na sa a jaka na sha fura kafin motar la'asar ta cika.