Wasan tatsuniya na tebur: yadda labari ɗaya ke ɗaukar shekaru

A Garwa ko Marwa a Kamaru, abokai biyar da tabarma sun isa a fara wannan wasa. Mutum ɗaya ke jan labarin, sauran kowa da jaruminsa a rubuce a takarda. Dungeons & Dragons, wani wasa irin wannan da ya fito a Amurka a 1974, yana amfani da ƙwaya mai fuska 20 da ake jefawa a ga ko abin da jarumi ya gwada ya yi nasara, ita kuwa da wuyar samu a kasuwanninmu. Ku jefa ƙwayar ludo uku ku haɗa: ana samun 3 zuwa 18, sai dai sakamakon ya fi taruwa a 10 da 11, don haka mai jan labari ya sassauta lambar da ake nema kafin jarumi ya yi nasara.

Abin da ke kashe dogon labari irin wannan mantuwa ce. Ku ware littafi guda, bayan kowane zama a rubuta sunayen garuruwa, wanda aka yi wa alkawari, da dukiyar da aka raba. A wurina wannan littafin ya fi komai daraja, domin bayan shekaru shi abokai ke buɗewa su tuna dodon da ya kusa gamawa da su. Zama kada ya wuce awa uku. Wanda bai zo ba, a ce jaruminsa na gadin dawakai, a ci gaba.