Furen balan-balan, kyanwa, da abin da ke bakin ƙofarmu

Furen balan-balan ba ya cikin furannin da aka sani da kashe kyanwa. Na fara da wannan ne domin ita ce tambayar da aka fi yi mini tun da na jera tukwanensa a barandar gidanmu da ke Samaru. Duk wadda ta shigo ta ga kyanwata kwance a gindinsu sai ta ce, "Anti, ba ya yi mata illa?" Ba ya yi. Amma akwai sauran magana, kuma saurar ce ta fi tsaya mini a rai.

Da yawanmu ba su taɓa ganinsa ba, don ba ɗan ƙasar nan ba ne. Asalinsa gabashin Asiya ne: Sin, Koriya, Jafan da gabashin Rasha. Masana tsirrai suna ce masa Platycodon grandiflorus, 'yan Koriya kuma doraji. Kafin ya buɗe, ganyayen furen guda 5 suna manne da juna baki da baki, sai su kumbura su yi tantsan, daga nan aka raɗa masa suna. Ranar buɗewa sai ya tsage ya zama tauraro mai kusurwa 5, shuɗi mai jijiyoyi masu duhu. Akwai fari, akwai mai ruwan hoda, amma ni shuɗin ne ya sace mini zuciya. Dogon irin yakan kai santimita 60 ko fiye, gajeren da aka fi sawa a tukunya kuwa wajen santimita 20 yake tsayawa. Ƙanena da ya yi karatu a Koriya ta Kudu shi ya fara ba ni labarinsa, kuma ba a matsayin fure ba, a matsayin abinci. Zan zo kan wannan.

Abin da ke jikinsa, musamman a saiwa, sinadari ne da ake kira safonin, mai ɗaci, mai kumfa idan aka cuɗa shi da ruwa. Ba baƙonmu ba ne, shi ne a jikin aduwa, shi ya sa mutanen da suke wanki da ɓawonta da saiwarta. Safonin yana ɓata ciki. Kyanwar da ta tattauna ganye da yawa za ta iya dalala, ta yi amai ko gudawa, abin ya wuce. Ɗacin ma yakan kore ta tun a cizon farko. Saiwar da ta fi ƙarfi tana binne a ƙasa, kyanwa kuwa ba ta haƙa don neman abinci. Inda nake sa ido shi ne 'yar ƙaramar kyanwa ko tsohuwa, domin gudawa tana saurin ƙarar musu da ruwan jiki. In amai ya ƙi tsayawa, ko ta ƙi cin abinci yini guda, a kai ta wurin likita, kada a ce bari a gani.

A kula da suna kuma. Akwai wata shuka ta kudancin Afirka da masu sayar da iri a intanet ke tallarta da suna mai kama da wannan, saboda 'ya'yanta kore ne masu kumbura da ɗan gashi-gashi. Wannan 'yar uwar tumfafiya ce, kuma tana da guba mai taɓa zuciya. In za a sayi iri a duba sunan Platycodon a jikin takardar. A namu furen ne ke kumbura, a waccan 'ya'yan ne.

To ga abin da ya sa na zauna rubutun nan. Muna tsoron baƙon fure da ya zo daga nesa, alhali masu kisan suna tsaye a ƙofar gidajenmu shekara da shekaru, mun saba da su har ba ma ganinsu. Kariya, mai kaurin gindi da jan fure da ke fitowa a tsakiyar rani, wadda yanzu ake sayarwa a tukwane a matsayin ado, ruwanta maharba a sassan Afirka suka daɗe suna shafawa a kibiya. Oliyanda, mai dogon siririn ganye da fure ja ko fari da ake shukawa a harabar makarantu da ofisoshi, ko'ina a jikinta guba ne, ko da ganyen ya bushe. Su biyun nan zuciya suke bugawa. Ga zaƙami a bayan gida, ga zurma da bini-da-zugu a shinge, waɗanda 'ya'yansu ke da haɗari ga dabba da yaro baki ɗaya.

Sai furen lili, wanda ya fi kowanne tsoratar da ni. Shi ne babban furen nan mai ƙamshi da ake haɗawa cikin damin furannin biki da na gaisuwa. Ga kyanwa, ko garin furen ne ya zuba a gashinta ta lashe, ko ta sha ruwan da aka tsoma shi, ƙodarta na iya tsayawa cikin kwana 1 zuwa 3. Likitocin dabbobi suna cewa in aka wuce kimanin awa 18 ba a fara magani ba, da wuya a ceto ta. Abin baƙin cikin shi ne bayan aman farko takan yi kamar ta warke, mai ita ya saki jiki. Gidan da ke da kyanwa bai kamata lili ya kwana a cikinsa ba, ko na kyauta ne.

Bayan tsirrai akwai abin da hannunmu ke zubawa. Fiya-fiya da ake fesa wa furanni da ɗakuna, shinkafar ɓera, ƙwayoyin kashe dodon-koɗi, da maganin ƙuma na kare mai sinadarin fametirin, wanda kyanwa ba ta jure masa ko kaɗan. Kyanwa lashe jikinta take yi, don haka duk abin da ta taka ko ta goga, cikinta zai tafi. Furen da bai da guba in aka yi masa feshi ya zama mai guba.

Kwanakin baya wata maƙwabciyata dattijuwa ta aiko a kira ni, muzurunta ya kwanta yana rawar jiki. Na tarar ta riga ta ɓare farasitamol za ta jiƙa masa.

Na ce, "Hajiya, don girman Allah ki ajiye wannan. Shi ne zai ƙarasa shi."

Ta ce, "'Yar nan, abin da ake ba jariri?"

Na ce mata hantar kyanwa ba ta iya narkar da shi, ƙwaya ɗaya ta babba ta isa ta kashe ta. Tausayi ne ya sa ta ɗauko, kuma tausayin nan shi ke sa mu ɗura wa dabba madara ko manja ko ruwan gishiri don ta yi amai. Madara ba ta karya guba, sai dai ta ƙara gudawa, domin yawancin manyan kyanwoyi ba sa narkar da ita. Manja in aka ɗura shi da ƙarfi yana iya bin hanyar numfashi ya shiga huhu. Gishiri mai yawa kuwa shi kansa guba ne. Abin yi shi ne a cire abin da ya rage a bakinta, a tsinko reshen da ake zargi ko a ɗauki kwalbar maganin, a naɗe ta a zane a tafi. Mu mutanen Zariya Allah ya huwace mana, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru, kuma suna duba kyanwa kamar yadda suke duba sa da doki. Ɗan Hajiya ne ya ɗauki muzurun a babur a ranar. Na san akwai masu ganin kai kyanwa asibiti ɓarnar kuɗi ce. Ni dai tun ina Islamiyya na riƙe hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Wanda ya ajiye dabba ya ɗauki nauyinta.

Kyanwa mai cin nama ce, amma tana son tauna ciyawa, kuma in ba ta samu ba sai ta koma kan furanni. Nakan watsa alkama a faffaɗan kwano mai ƙasa, cikin mako guda ta yi tsiri, ita ce tata. A yi amfani da alkamar ci, ba irin shuka da aka cakuɗa da hodar magani ba. Kada kuma a sa dawa, makiyaya sun daɗe da sanin ɗanyen tofon dawa yana kashe shanu.

Maganar ci kuwa gaskiya ce. A Koriya saiwar doraji abincin yau da kullum ce. Sukan bar shukar ta yi shekara 2 zuwa 3 kafin a tono, a feƙe, a tsattsaga ta siri-siri, a murje da gishiri, a jiƙa, a yi ta ɗauraye har ɗacin ya sauka, kamar dai yadda muke wanke shuwaka kafin ta shiga miya. Sannan a soya ta sama-sama da man riɗi da tafarnuwa, ko a kwaɗa ta da barkono. Tana cikin kayan da ake ɗorawa a kan shinkafarsu da ake kira bibimbaf. A maganin gargajiyar Sin kuma an daɗe ana ba da busasshiyarta don tari da majina da ciwon maƙogwaro. Amma ba a cin ta ɗanya yadda aka tono, safonin da ke ɓata cikin kyanwa yana ɓata na mutum. Wanda aka saya a wurin masu furannin ado kuma ba na ci ba ne, domin irin waɗannan ana yi musu feshin da ba a yi wa kayan abinci. Mai juna biyu da mai shan maganin asibiti su tambayi likita kafin su taɓa ta da sunan magani. In an dafa, kada a miƙa wa kyanwa, domin tafarnuwa da albasa suna lalata mata jini.

Rainonsa a Zariya sai da haƙuri, ba zan ɓoye ba. Shuka ce ta ƙasar sanyi. A can, saman shukar yakan mutu da hunturu, saiwar ta yi barci ƙarƙashin ƙanƙara, ta farka a makare bayan sauran tsirrai sun yi kore. Sanyinmu na Disamba da Janairu bai kai wannan ba, zafin Maris da Afrilu kuwa yana gigita shi. Mutanen Jos da Mambila sun fi mu sa'a da shi. A nan gajeren iri ya fi dacewa, a tukunya, don a iya jan ta inuwa. Ranar safe yake so, daga azahar a kare shi. A bazara nakan mayar da nawa gefen gabas na ɗaki inda bango ke tare rana.

Tukunyar ta zama mai zurfi, domin saiwar ƙasa take nutsawa, doguwa ce mai saurin karyewa, kuma ba ta son a tashe ta. Inda aka shuka shi nan za a bar shi. Ƙasarmu ta nan tana da laka, in ta sha ruwa ta kame, don haka nakan haɗa ta da yashin rafi da takin shanu wanda ya ruɓe sarai, a huda gindin tukunyar da kyau. Ruwan Agusta ya fi zafin bazara yi masa ɓarna. Saiwar in ta kwana cikin ruwa ruɓewa take yi, sai a ga ganye ya yi rawaya ya langaɓe alhali ƙasa jiƙe take, mai shi ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara ruwa. A lokacin marka a shigar da shi ƙarƙashin rufi, a taɓa ƙasar da yatsa, sai saman ya bushe a ba shi.

Irin ƙanana ne baƙaƙe, kuma suna buƙatar haske kafin su tsiro, don haka ba a binne su. A barbaɗa a sama, a danna da tafin hannu, a riƙa yayyafa ruwa, cikin mako 2 zuwa 3 za su fito. Ni na fi son shukawa da kaka, bayan ruwa ya ɗauke, don su yi ƙarfi cikin sanyi kafin zafi ya kama. Furen da ya yi yaushi a tsinke shi shi kaɗai, a bar reshen, domin sababbin suna fitowa a gefensa. Wurin tsinkar farin ruwa zai fito, a wanke hannu bayan an gama. Dodon-koɗi na son ɗanyen ganyensa da damina, a tsince su da hannu da magariba, ba sai an zuba magani ba.

In saman shukar ya bushe gaba ɗaya kada a yi saurin juye tukunyar. A rage ruwa ƙwarai, a ajiye ta a inuwa, a jira, sau da yawa saiwar tana da rai. A yanayinmu dai ba ya yin tsawon ran da yake yi a ƙasarsu, shi ya sa nakan bar furanni kaɗan su yi 'ya'ya, in sun bushe in kakkaɓe irin a takarda in adana don shuka ta gaba.