Kwana 10 da suka cinye mana naira 900,000

Kuɗin da aka tura wa mutum bisa kuskure, doka ta ce ya mayar. Wannan kowane lauya ya san shi, kuma shi na faɗa wa Alhaji ranar Juma'ar da ya shigo ofishina bayan an sauko daga masallaci, waya a hannu, yana nuna mini alat ɗin cirewa. Ban yi masa ƙarya ba. Abin da ban yi ba shi ne in karɓi wayar nan a take in rubuta wa wanda kuɗin suka faɗa wa layi huɗu. Har yau in na tuna sai na ciji yatsa.

Alhaji ɗan kasuwar riɗi ne a Dawanau. Ranar Alhamis da yamma ya tashi biyan naira 3,600,000 ga wanda ya kawo masa kaya. A jerin sunayen da ya adana a manhajar banki akwai mutum biyu masu suna ɗaya, na biyun wani dillali ne da suka yi hulɗa sau ɗaya bara. Yatsa ya sauka a kan na biyun. Bai farga ba sai da safe, da mai kaya ya kira yana cigiyar kuɗinsa. Nan take ya buga wa dillalin, ya kuma buga wa jami'in da ke kula da asusunsa a banki. Duka da baki ne, ba a rubuce ba.

Ya tambaye ni, "Barista, ai sakacina ne, kotu za ta saurare ni kuwa?" Na ce za ta saurare shi, kuma haka ne. A dokar alƙalan Ingila da kotunanmu suka gada, sakacin mai biya ba ya halasta wa mai karɓa kuɗin. An yanke wannan tun 1841 a shari'ar Kelly da Solari: kamfanin inshora ya biya wata mata kuɗin inshorar ran mijinta da ya rasu, alhali inshorar ta riga ta mutu saboda ba a biya kuɗin zubi ba, kuma an taɓa sanar da shugabannin kamfanin haka, suka manta. Kotu ta ce mantuwa ba kyauta ba ce. Tushen abin ya fi haka daɗewa, tun 1760 Lord Mansfield ya shimfiɗa shi a shari'ar Moses da Macferlan: wanda kuɗin wani ke hannunsa, kuma adalci bai yarda ya riƙe ba, ya mayar. Ba sai akwai yarjejeniya tsakaninku ba, ba kuma sai ya yi maka wani laifi ba. Tambayoyi huɗu ne kotu ke bi: ya ƙaru? Da dukiyarka ya ƙaru? Akwai dalilin da ya sa ƙaruwar ba ta bisa haƙƙi, kamar kuskure? Yana da wata kariya? Uku na farko a aljihunmu suke. Ta huɗun ce na yi wa riƙon sakainar kashi.

Alhaji ya ce a bari shugabannin kasuwa su yi magana da mutumin tukuna, bai son a ce ya kai ɗan'uwa Musulmi ƙara daga an yi kuskure jiya. Na ga maganar ta yi, na kuma ce a raina ai an riga an kira shi, ya sani. Dattawa suka aika, aka ce ya yi tafiya ƙauye. Aka jira. Takardata ta neman a mayar da kuɗi ba ta shiga hannunsa ba sai ranar Litinin ta biyu, kwana 10 cif bayan Juma'ar nan. A ranar ne kuma muka kai wa banki ƙorafi a rubuce.

Sulhun dattawa ba laifi ba ne, kuma ba shi ya cuce mu ba. Da an tura saƙo a rubuce, sannan dattawa su ci gaba da nasu, da babu abin da ya ɓaci. Ni na mai da abu biyun kamar sai ɗaya ya jira ɗaya.

Kariyar da lauyan dillalin ya zo da ita ita ce wadda zan kira "na riga na kashe da zuciya ɗaya". Kotun ƙoli ta Ingila ta wancan lokaci ta amince da ita a 1991, a shari'ar Lipkin Gorman da Karpnale, inda wani lauya ya riƙa kwashe kuɗin da ke asusun amanar ofishinsu yana kaiwa gidan caca a Landan, ofishin kuma ya bi gidan cacar. Ma'anarta: wanda ya karɓi kuɗi yana ganin nasa ne, ya kuma yi da su abin da ba zai yi ba in da ba su zo ba, har ya zama tilasta masa biya duka zalunci ne, to za a rage masa gwargwadon abin da ya salwanta. Hukuncin kotun Ingila na yanzu ba ya ɗaure alƙalinmu, tun 1963 ma aka daina ɗaukaka ƙara daga nan zuwa can, amma alƙalanmu suna saurarensa sosai a irin wannan fanni, kuma ba lauyan da zai ce wa wanda yake karewa ya kwanta da kunne biyu a kan za a yi watsi da shi.

Kariyar tana da sharaɗi guda mai ƙarfi: zuciya ɗaya. Daga lokacin da mutum ya san kuɗin ba nasa ba ne, duk abin da ya kashe bayan nan a wuyansa yake. Saboda haka shari'ar gaba ɗaya ta koma kan tambaya ɗaya, yaushe ya sani? Mu muka ce Juma'a da safe. Shi ya ce Litinin ta biyu, ranar da ya sa hannu a kan takardata.

Na ɗauka labarinsa ba zai tsaya ba, sai ga shi ya tsaya da ƙafafunsa. A makon nan yana jiran kuɗin gonar gado da suka sayar a ƙauyensu, mai saye ya ce masa zai biyo da kuɗin ta hannun wani ɗan kasuwa a Dawanau, kuma adadin bai yi nisa da wannan ba. Yana da takardar cinikin gonar da shaidu. Kiran Alhaji fa? Wayar ta nuna daƙiƙa 47. Ya ce abin da ya ji shi ne, "Malam, kuɗi sun shigo maka?" ya ce sun shigo, ya yi godiya, sai layi ya katse. Alhaji ya rantse ya faɗa masa kuskure ne. Na yarda da Alhaji. Amma jerin kira a waya yana nuna an yi kira ne kawai, ba ya nuna me aka ce, kuma nauyin da ya rage shi ne bakin wannan da bakin wancan.

Da muka samu bayanin shige da ficen asusunsa, muka zauna da biro muna bin kuɗin. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, har da lauyoyi, domin ba kowace kashewa ce kariya ba.

Ranar Juma'ar ya biya wani mai taki bashin 900,000. Wannan ba ta cece shi ba. Wanda ya biya bashin da ke kansa da kuɗinka bai yi asarar komai ba, ya dai sauya mai binsa ne, jiya mai taki, yau kai. Kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta faɗi haka a 2001 a shari'ar Scottish Equitable da Derby, inda mutumin ya rage bashin gidansa da kuɗin fansho da aka yi kuskuren ƙara masa. Haka 250,000 da suka tafi a cefane, kuɗin haya da kuɗin makarantar yara: abubuwa ne da zai biya ko kuɗin Alhaji sun zo ko ba su zo ba. Sai 600,000 da muka tarar a asusun, waɗanda babu gardama a kansu.

Ranar Litinin ta farko ya sayi sabon babur a kan 1,150,000. Babur ɗin yana nan, don haka ƙaruwar tana nan, amma sabon babur da an fito da shi daga shago an hau ya zama na hannu. Dillalan babura biyu suka yi masa kuɗi 950,000. Giɓin 200,000 ya faɗa cikin kariyarsa, tunda ba don kuɗin nan ba da bai saya ba. Ranar Laraba kuma ya tura wa 'yan'uwansa mata 700,000 a matsayin kasonsu na gonar. Wannan ita ce ta fi ciwo, domin ita ce ainihin irin abin da kariyar ke nufi: kuɗi sun bar hannunsa gaba ɗaya, kuma dalilin fitarsu shi ne zaton da ya yi cewa kuɗin gona ne.

A duba ranakun. Litinin da Laraba. Duka biyun bayan Alhaji ya zauna a kujerar ofishina ne, kafin takardata ta isa. Saƙon waya ɗaya ranar Juma'a da yamma, da 900,000 ɗin nan ba su da inda za su ɓuya.

Ga abin da ya kamata a tura, kuma shi nake sa a tura yanzu kafin mutum ya gama ba ni labari: ranar da aka tura kuɗin da lokacin, adadinsu, sunan asusun da suka fito, cewa kuskure ne ba a bin mai turawa komai, a daina taɓa kuɗin, ga lambar asusun da za a mayar. A tura ta saƙon tes da WhatsApp duka, a ɗauki hoton alamar an karanta, a bi da takarda ta hannun ɗan aike wanda zai dawo da kwafi mai sa hannu da kwanan wata. Ba zagi, ba barazana. Kuma kada a sayar da wayar ko a goge komai, domin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana buƙatar takardar tabbatarwa game da na'urar da aka fitar da saƙon kafin kotu ta karɓe shi. Na sha ganin hoton saƙo mai kyau ya faɗi a kotu saboda rashin wannan takarda.

Banki ma haka. Kiran jami'in asusu ba ƙorafi ba ne, hira ce. Ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2018 kan tura kuɗi nan take ta tanadi hanya: ka kai ƙorafi bankinka, shi ya sanar da bankin mai karɓa, a riƙe adadin a asusunsa, a nemi yardarsa a mayar, in ya ƙi masu binciken cikin gida na bankunan biyu su shiga tsakani. Riƙewar ta ɗan lokaci ce, ba ta dindindin ba, kuma a aikace banki ba zai cire kuɗi daga asusun mutum ya ba ka ba sai da yardarsa ko umarnin kotu. Amma riƙewar kaɗai ta isa. Ranar Juma'ar, bayan ya biya mai taki, akwai 2,700,000 kwance a asusun. Ranar da aka riƙe, 600,000 suka rage. A tafi da rasit mai ɗauke da doguwar lambar shaidar turawar, a sa su buga hatimi a kwafin ƙorafin.

Da ran Alhaji ya ɓaci sai ya ce a kira 'yan sanda. Na hana. Sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya haramta kama mutum a kan rikicin da ba na laifi ba, kuma wanda aka tsare a irin haka yana iya juyowa ya maka ka a kotu kan tauye haƙƙi, ka wayi gari kai ake bi. Akwai laifin mai da dukiyar wani taka a kundin laifuffuka na Arewa, gaskiya ne, amma shi ma sai an nuna rashin gaskiya a zuciya, wato sai an nuna ya sani. Mun sake komowa kan daƙiƙa 47 ɗin nan.

Mun shigar da ƙara a kotun ƙananan ƙararraki ta majistare, tunda adadin ƙididdigagge ne kuma bai haura iyakarta ba. Kafin a fara sauraro na zaunar da Alhaji na yi masa lissafi. In alƙali ya gaskata shi kan kiran, zai samu 3,600,000 a takarda, daga mutumin da ba shi da su. In bai gaskata shi ba, 2,700,000, bayan watanni da kuɗin zirga-zirga. Ɗaya ɓangaren sun riga sun yi tayin biyan 2,700,000 a sulhu. Ya yi shiru, ya ce, "Barista, da ka ce doka tana bayana, ashe da saura." Ban da amsar da ta wuce in ce masa laifin jinkirin nawa ne.

Wani malami daga cikin dattawan kasuwar ya taimaka fiye da yadda na zata. Ya karanta wa dillalin ayar Suratul Baƙara da ta hana cin dukiyar juna da ɓarna, ya ce masa ko kotu ta yafe maka wani abu, ranar da kuɗin gonarka na gaskiya suka zo ka san akwai haƙƙin wani a ciki. Ba mu iya sa wannan a takarda ba, domin mai sayen gonar ya janye, cinikin ya rushe.

Sulhun ya tsaya a haka: 600,000 da ke riƙe a saki nan take, a sayar da babur a ba da 950,000, ragowar 1,150,000 a biya 230,000 duk wata har wata biyar. Na dage sai an kai takardar gaban alƙali ya mai da ita hukuncin kotu, ba a bar ta yarjejeniyar zaure ba. Amfanin haka ya fito a wata na uku da biya ya tsaya. Ba mu sake sabuwar ƙara ba, muka nemi umarnin kotu kai tsaye a kan bankinsa ƙarƙashin sashe na 83 na dokar zartar da hukunci, wadda ta ce a isar da umarnin farko aƙalla kwana 14 kafin ranar sauraro. Bai bari ranar ta zo ba, ya kawo kuɗin wata biyu a haɗe.

'Yan'uwan nasa mata kuwa, a ƙa'ida ana iya bin su, tunda ba sayen komai suka yi da shi ba, kuɗin Alhaji ne suka isa hannunsu a banza. Sai dai mutum uku ne a wata jiha, kowace da abin da bai kai 250,000 ba, kuma kowace za ta iya tashi da irin kariyar ɗan'uwanta, ta ce ta sayi akuya ko ta yi wa 'ya kayan ɗaki. Na lissafa masa kuɗin shigar da ƙara, na isar da sammaci a wajen jiha da na mota. Alhaji ya ce a bar su.