Ku daina kiran yaranmu "Ƙaramin Fada"

Ajin shirya yara don sakramentin Tabbatarwa nake riƙewa a cocinmu na Katolika nan Zariya, Asabar da yamma, yara 'yan shekara 13 zuwa 17. Haddar sakramenti bakwai ba ta taɓa ba ni wahala ba, don yaran akwai kai. Sun san Baftisma da Tabbatarwa da naɗin firist ba a maimaita su, sun san azumin awa ɗaya kafin karɓar Jibin Ubangiji, sun san abin da aka furta wa Fada ko da wuƙa a wuya ba zai fitar da shi ba. Darasin kira ne ke kashe mini aji. Da na tambayi wa ke jin Allah na kiransa ya zama Fada ko Sista, sai kowa ya sunkuyar da kai.

Mu manya mun ɗauka tsoro ne, kuma da dalili. A Janairun 2020 'yan bindiga sun shiga seminarin Good Shepherd ta Kaduna, makarantar horar da masu son zama Fada, suka kwashe ɗalibai huɗu, suka kashe Michael Nnadi yana ɗan shekara 18. Wace uwa ce za ta manta? Ina cikin yi musu bayanin ƙarfin zuciya sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ba 'yan bindiga ba ne. Ba ka ga abin da aka yi wa yayan wane ba?"

Na gani mana, a idona aka yi. Yaro ne mai hidima a bagade tun yana firamare, natsattse, ba ya fashin Mas na safe. Iyaye mata suka laƙaba masa Ƙaramin Fada, uwarsa ta koma Maman Fada tun ba a je ko'ina ba. Ranar tafiyarsa aka yi karo-karo, aka sayi akwati, aka rangaɗa guɗa. Bayan 'yan shekaru, shi da firist ɗin da ke yi masa jagora suka fahimci wannan hanya ba tasa ba ce, ya dawo gida da mutuncinsa. Nan fa bakuna suka buɗe. Wannan ya ce korarsa aka yi, wancan ya ce mace ce, wata ta ce ya ci kuɗinmu. Uwarsa ta koma zama a bencin baya. Shi kuwa sai ya hau mota zuwa wani coci inda ba a san shi ba. Ƙannensa suna kallo, kuma su ne ajina.

Har yanzu abin na ƙona mini rai, domin Ikilisiya ba haka ta tsara ba. Dokarta ta hana a naɗa mutum firist kafin ya cika shekara 25, kuma sai ya yi aƙalla shekara shida yana karatun falsafa da tauhidi. Ta hana a tilasta wa kowa, ta kowace hanya. Mai son zama Sista ba ta yin alkawarin har abada kafin shekara 21. Duk wannan jinkirin an sa shi ne don mai fita ya samu ƙofa. Ƙaramar seminarin St. Joseph da ke nan Zariya, inda Bishop Matthew Kukah ya yi karatu, sakandare ce, ba kowa da ya shiga ke sa farar riga ba. Mu ne muke naɗa yaro da baki tun yana aji huɗu, sannan mu tuɓe shi da baki.

Na san daga ina zumuɗin yake fitowa. Dayosis ɗinmu, wato yankin da bishop ɗinmu ke kula da shi, sai a shekarar 2000 aka yanke ta daga Kaduna, kuma cocin ƙauye da dama suna jiran firist mai jin Hausa. Kowa na son a ce ɗan gidansu ne. Amma gaggawa ba ta haifar ɗa namiji.

Yanzu aure da naɗin firist rana ɗaya nake koyar da su. Ina gayyato wasu dattawa mata da miji su zauna kusa da Fada da Sista, yara su yi ta tambaya. Yawancinsu ran nan suke fara jin cewa ango da amarya ne ke ba juna sakramentin aure, Fada shaida ne a madadin Ikilisiya. Na daina cewa a ɗaga hannu. Kafin Lahadi ta huɗu ta Ista, ranar addu'a domin kira, iyaye nake fara tarawa, in roƙe su abu ɗaya: sunan nan a bar shi. Wani dattijo ya ce mini, "Malam, ai albarka muke sa masa." Na ce, "Baba, a sa masa a cikin addu'a, ba a bakin ƙofar coci ba." Bai ji daɗi ba, kuma har gobe yana kiran jikansa da shi.

Bana yara maza biyu da yarinya ɗaya sun same ni bayan aji, kowa shi kaɗai. Na haɗa su da Fada, na ce su ci gaba da karatunsu da zuwa furta zunubi. Iyayensu mata ba su sani ba tukuna, kuma ba daga bakina za su ji ba.