Yanda na bi sawun kuɗin aikin hanya na zamanin Turawa, daga Zariya har Ikko

Mahaifina tsohon ma'aikacin ma'aikatar ayyuka ne, shekara talatin da wani abu yana bin hanyoyi da kwalbatoci, kuma tun muna yara in ruwa ya cinye wata gada a damina maganarsa ɗaya ce, zai ce ku je ku duba aikin Bature yana nan daram, saboda a lokacinsu akwai mai tambaya. Wannan kalma ta mai tambaya ita ta zauna min a rai har na girma. Da na zo yin digiri na biyu a Samaru sai na ce toh bari in nemo mai tambayar nan, wace majalisa ce take titsiye PWD, wato ma'aikatar ayyuka ta zamanin Turawa, a kan kuɗin da ta kashe, su waye a cikinta, me suke cewa a kan lardin Zazzau.

Malamin da ke duba aikina bai hana ni ba, abu ɗaya ya ce min, kar ka fara da abun da aka rubuta a kan majalisar, ɗauki aiki ɗaya ka bi kuɗinsa tun daga inda aka karɓo shi har inda aka kashe shi. Na ce to Malam. Na fara da laburaren Kashim Ibrahim, daga baya na koma sammako ina shiga mota a Kwangila zuwa Kaduna, wata rana Gidan Arewa wata rana gidan adana takardun tarihi na ƙasa, in dawo bayan magariba hannuna duk ƙurar fayil.

Abun da na fara cin karo da shi ya sanyaya min jiki. Bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914, majalisar dokokin da ke akwai ta Ikko ce kawai, ita kuwa wadda Lugga ya kafa ta ƙasa baki ɗaya shawara kawai take bayarwa. Sai a tsarin mulkin Gwamna Kilifod na 1922 aka yi majalisa mai mutum 46, a ciki 27 ma'aikatan gwamnati ne har da shi Gwamnan, 19 ne ba ma'aikata ba, kuma a cikin 19 ɗin nan huɗu kacal aka zaɓa da ƙuri'a, uku daga Ikko ɗaya daga Kalaba. Majalisar ba ta yi wa Arewa doka, Gwamna ne ke yi da kansa, amma kuɗin gwamnatin tsakiya da za a kashe a Arewa sai ya bi ta gabanta. Toh wa ke magana da yawun Zazzau in an zo kan kasafi? Manyan Razdan-razdan na larduna, Turawa, waɗanda in an zo ƙuri'a dole su bi bayan Gwamna tunda shi ne ubangidansu. Shekara ashirin da biyar ana haka ba ɗan Arewa ko ɗaya a zauren. Na zauna a kan benci ina ta lissafa 27 da 19, duk yanda ka juya shi gwamnati ba ta taɓa faɗuwa a ƙuri'a in ba ita ta ga dama ba.

Littafin kiyasin kuɗi na shekara shi ya fi koya min abu, kuma a nan na yi kuskuren da ya ci min kusan wata guda. Shekarar kuɗi tana farawa 1 ga Afrilu ta ƙare 31 ga Maris. Ayyukan PWD an raba su, akwai na kullum wato gyaran hanya da yaɓen gidajen gwamnati da irinsu, akwai kuma sababbin manyan ayyuka da ake lissafawa daban. Ni da na ga an rubuta aiki kaza fam kaza sai in kwafe in ce an kashe, har na cika shafuka. Sai da wani ma'aikacin wajen, dattijo mai haƙuri, ya leƙo ya ce ɗana wannan layin da kake kwafa niyya ce ba aiki ba. Ya nuna min ashe layi uku ne, abun da aka amince, abun da aka gyara a tsakiyar shekara, da abun da aka kashe a zahiri, shi na ukun ma sai ka buɗe littafin shekaru biyu gaba kafin ka gan shi. Aiki zai iya fitowa a kiyasi bana, ba a taɓa shi ba, kuɗin ya koma, a sake neman amincewa baɗi. Dole na yaga abun da na rubuta na sake daga farko da kalkuleta, ina mayar da fam da sule da kwabo, sule ashirin fam ɗaya, kwabo goma sha biyu sule ɗaya, kai ranar na san na ɗauko aiki.

Kuma dokar zauren ta ɗaure wakilan da ba ma'aikata ba. Ba ka da ikon kawo ƙudurin da zai ƙara wa gwamnati kashe kuɗi sai da yardar Gwamna, abun da ka iya shi ne ka yi tambaya, ka soki abu, ko ka nemi a rage. In kuɗi ya ƙare wa injiniya a tsakiyar aiki Gwamna na iya sa hannu a takardar izini ta musamman a ci gaba, daga baya a kawo wa kwamitin kuɗi da majalisa su sa albarka a abun da an riga an kashe. Kayan aiki masu nauyi, ƙarfen dogo, injuna, gadojin ƙarfe, ta hannun wakilan sayayya na gwamnatin Ingila a Landan ake odarsu. Shi kuma babban odita yana da nasa iyayen gidan a Landan, a ofishin binciken kuɗin ƙasashen mallaka. Wato tambaya kam akwai, mai tsanani ma, Baba bai yi ƙarya ba, amma sama take tafiya, daga injiniya zuwa darakta zuwa Gwamna zuwa Sakataren Mulkin Mallaka. Ba ta saukowa wajen wanda ya biya haraji.

Har a lokacin ban samu Zariya ba fa. Ina neman hanyar Ƙofar Doka, ina neman rijiyoyi da rumfunan kasuwa da hanyoyin gundumomi, babu su a littafin Ikko sai ɗan abun da ba a rasa ba. Wani abokina ya kai ni wajen kakansa a cikin birni, tsoho ne da ya yi aiki a ofishin ma'aji tun yana saurayi. Bayan mun gaisa na ce Baba ga abun da ya kawo ni, ya saurare ni har na gama sannan ya ce yaro ai kana neman akuya a garken shanu, kuɗin hanyar gari kuɗin En'e ne, je ka nemi littafin baitulmali.

Nan aikin ya buɗe min. Tun wajen 1911 aka daidaita tsarin baitulmali a masarautun Arewa, haraji da jangali in an tara a raba, da farko rabi na gwamnati rabi na En'e, wato hukumar mulkin Sarki, daga baya manyan En'e-en'e suka kai ga riƙe kashi 70 cikin ɗari kafin karyewar tattalin arzikin duniya ta shekarun 1930 ta sa aka rage. Daga wannan kason ake biyan Sarki da hakimai da alƙalai da dogarai, a kuma yi hanya da makaranta da asibiti, En'e ma tana da nata sashen ayyuka. Ba ƙaramin kuɗi ba ne, En'e ta Kano da kuɗinta ta yi aikin ruwan famfo na Challawa da wutar lantarki da aka buɗe a farkon shekarun 1930. Amma kiyasin baitulmali ba ya zuwa gaban majalisar Ikko sam. Ma'aji da Di'o su tsara, Sarki da majalisarsa su gani, Razdan ya duba, a aika Kaduna babban Bature ya sa hannu, shikenan. Tsohon nan ya ce min ko kwabo ba ya fita ba bauca, kuma Di'o na iya faɗowa ba sanarwa ya ce a buɗe asusu a ƙirga, wanda aka samu da giɓi ya san sauran. Na tambaye shi, Baba toh talakan da ya biya harajin fa, zai iya zuwa ya ce a nuna masa abun da aka kashe a hanyar ƙauyensu? Ya yi shiru ya dube ni ya ce wa ya aike shi.

Abun da ya fi taɓa ni kuma ba a fayil na fara jin sa ba, a gidanmu ne. Asalinmu mutanen wajen Soba ne, kuma ƙaramin jirgin ƙasan nan na Bauci da ya tashi daga Zariya ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama ya hau Jos har Bukuru a 1914, wanda aka rufe a 1957, ta ƙasarmu ya ratsa. Gwoggona ta ce kakansu yana ba su labarin yanda dagaci ke bi gida-gida yana ware maza, ka bar gonarka ka tafi ɗaukar ƙasa a kai. Haka aka yi dogon Baro zuwa Kano wanda ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, ma'aikatar ayyuka ta Arewa ce ta gina shi, Gwamna Jiruwa ya faro shi, kuma a lokacin Arewa ba ta da majalisar dokoki kowace iri. Ana biyan leburorin ɗan abun da ake biya, amma ta hannun hakimai ake ɗebo su, ba kai ke cewa za ka ko ba za ka ba. Sharar hanyar ƙauye kuwa da gyaranta bayan damina aikin gayya ne na dole, ko bayan dokar aikin tilas ta 1933 an bar ƙofar irin wannan ƙananan ayyuka a buɗe. Sai kuma ɗiban gwamna na lokacin yaƙin Hitila, daga 1942 zuwa 1944, da aka kwashi mutane zuwa haƙar kuza a Jos. Toh in ka buɗe littafi ka ga mil kaza an yi shi da araha har ana yabon injiniya, arahar daga ina ta fito? Daga geron da ba a nome ba ta fito. Wannan asarar ba ta da layi a cikin layukan nan uku, kuma duk ƙwarewar odita abun da ke rubuce kawai yake bi. Wallahi da na gane haka sai da na ajiye biro na fita waje na ɗan tsaya.

Daga 1947 abubuwa suka fara motsi. Tsarin Gwamna Ricas ya kawo Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna a Kaduna, ƴan Arewa suka shiga majalisar ƙasa, waɗanda ba ma'aikata ba suka fi yawa, duk da Gwamna ya riƙe ikon zartar da abu ko majalisa ta ƙi. Lokacin ne kuma ake shirin raya ƙasa na shekara goma da aka fara a 1946, fam miliyan 55, miliyan 23 daga Ingila. Na karanta muhawarorin shekarun nan da daɗi, ka ji mutanenmu suna magana a kan rijiya da hanyar kai gyaɗa da auduga tasha. Amma a nawa karatun, roƙon a yi mana ya fi yawa a kan tambayar ina na bara ya tafi, kuma ban ga laifinsu sosai ba, yawancinsu ma'aikatan En'e ne, da wuya mutum ya tsaya a Kaduna ya binciki baitulmalin da ke biyansa albashi ya koma gida lafiya. Shi ya sa ƙudurin da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo a watan Agusta 1950 na a gyara tsarin En'e ya girma a idona, don ya taɓa wajen da kuɗin talaka yake kwana. Bayan tsarin Makfasan na 1951, a 1952 shi ya zama ministan ayyuka a Ikko, Sardauna Ahmadu Bello kuma ministan ayyuka na Jihar Arewa. Karo na farko kenan da wanda zai tashi ya amsa tambaya a kan PWD ɗan ƙasa ne da za ka iya samunsa a masallaci, kuma shekara takwas kawai ta rage a samu ƴancin kai.

Da zan sake aikin nan da baitulmali zan fara, ba da Ikko ba, kuma da tsofaffi zan fara zama kafin fayil, don biyu daga cikin waɗanda aka ce min in gani sun rasu kafin in kai gare su, Allah ya jiƙansu. Yanzu ko allon kwangila na gani a bakin hanya sai in samu kaina ina tambaya nawa aka amince, nawa aka gyara, nawa aka kashe, kuma a gaban wa aka karanta na ukun.

Da na gama na kai wa Baba kwafi ɗaya, ya sa tabarau ya yi kwana uku yana bi a hankali. Bai yarda da ni duka ba, har yanzu yana kan cewa kwalbatinsu ya fi namu ƙarko, na ce Baba ban musa ba. Ranar Asabar ɗin da ta biyo ya ce in tuƙa shi Soba, muka tsaya inda tudun tsohon dogon yake har yanzu a cikin gonaki, ya nuna min wajen da aka ce kakansa ya yi ɗaukar ƙasa, ya ɗaga hannu muka yi musu addu'a, sannan muka wuce gaida Gwoggo.